Yadda Na Baro Gorana a Ruwan Bago

Ƙarfe shida daidai na safiyar wata Talata, ana saura kamar mako biyu ruwan shuka ya sauka, muna tsaye mu uku a tsakar gidana da ke gefen Karaye: ni Yakubu, da ɗana Ishaya, da matarsa Saratu. Daga nan tafiyar ta fara, daga nan kuma zan fara labarinta. Tun da na dawo, ba Lahadin da za a tashi sujada wani bai tare ni a bakin ƙofa ba. Wannan ya ce yaya hanya, wancan ya ce yaya ka baro Rahila. Dattijo Bulus kuwa tambayarsa ɗaya ce kullum: ina goran? Na gaji da ba da amsa guntu-guntu a tsaye. Ga shi na rubuta daki-daki. Wanda ya karanta ya miƙa wa na kusa da shi.

Kafin mu hau hanya sai na bayyana abu biyu, saboda wanda bai san gidana ba.

Na farko, goran. Goran duma ne babba mai faɗin baki, yana rataye a ƙofar ɗakina, kusa da shi kuma akwai ƙwaryar gyaɗa da ɓawonta. Kowace safiya da ƙarfe shida, kafin kowa ya sa wani abu a baki, mukan tsaya a layi, babba ya fara. Kowa ya ɗauki gyaɗa ɗaya, ya faɗi abu ɗaya da yake gode wa Allah dominsa, da murya yadda za a ji, sannan ya jefa ta a gora. Dokokin uku ne: ba a maimaita abin jiya, ba a cewa "komai da komai", ba a fashi. Idan ruwa ya sauka sai mu ɓare abin da ya taru mu shuka a kunyoyi na dabam, abin da suka ba da kuma mu kai majami'a ranar godiyar kaka. Ni da marigayiya matata Hannatu muka fara wannan, shekara talatin da ɗaya ke nan.

Na biyu, Rahila. 'Yata ce, ƙanwar Ishaya. Sunan mahaifiyata aka sa mata, shi ya sa uwarta take kiranta Uwani. Ni ban taɓa kiranta haka ba, don a ganina shagwaɓa ce. Ta auri Yohanna, manomi a wani ƙauye bayan Ruwan Bago, suna da yara biyu. A tsakiyar zafin bana zazzaɓi ya kama shi, kwana huɗu ya rasu. Lokacin ina kwance an yi mini aikin ido, Ishaya ne ya je jana'iza. Bayan wata guda da rabi sai surukarta, Inna Tabita, ta sa aka kira ni a waya. Ta ce Rahila ta daina zuwa sujada, ta daina addu'a, idan an ce mata yaya haƙuri sai ta kalli ƙasa, ba ta cewa mun gode Allah. Mutane sun fara magana. Ta ce ko in zo in yi mata faɗa, ko in zo in ɗauke ta.

Na shirya abu uku. In kai goran in tsayar da ita da ƙarfe shida ta jefa tata. In karanta mata ayoyi uku da na rubuta a takarda. In shuka gyaɗar bana a gonar mijinta maimakon tawa. Da na faɗa wa Ishaya sai ya ce, "Baba, a dai bi ta a hankali."

Na ce, "Ka taɓa ganin na bi wani da gudu?"

Saratu ta sunkuyar da kai. Safiyar nan na gode wa Allah don idona ya buɗe, na jefa gyaɗata, na toshe bakin goran da tsumma, na fita.

Zango na farko, Karaye zuwa Rogo. Na isa tasha ƙarfe bakwai, motar ba ta cika ba sai tara da minti ashirin. Kwandasta ya so ya cusa goran a bayan mota tare da awaki biyu da buhun taki. Na ƙi. Na rungume shi a cinya. Wata Hajiya mai fataucin tattasai da ke kusa da ni, wadda ita kaɗai ta ci wurin mutum biyu, ta dube ni ta ce, "Baba, jaririn nan naka bai yi kuka ba tun da muka shigo. Allah ya raya."

Na ce gyaɗa ce. Ta ce to Allah ya raya gyaɗar.

A kan iyakar Karaye da Rogo muka tarar an gitta katako a hanya, 'yan sintiri suna duba kaya. Ɗaya daga cikinsu ya leƙo ta taga. Ya ga rigar zumuntar maza ta majami'a a jikina, mai alamar gicciye a aljihu, ya ga goran, sai ya yi murmushi.

"Baba, ko irin ta gargajiya ce? In ita ce a sam mana, rana ta yi zafi."

Na gane burukutu yake nufi. Na ce, "Kakana ya sha, ubana ya bari, ni ko ɗanɗanawa ban taɓa yi ba. Buɗe ka gani."

Ya zare tsumman, ya zura hannu, ya fito da gyaɗa uku zai ɓare. Na riƙe hannunsa na ce ya mayar. Ya zaci wasa nake yi. Da ya ga fuskata sai ya mayar, ɗaya bayan ɗaya, motar duka tana dariya. Hajiya ta ce, "Kai yaro, rabu da shi. Tsohon nan ko hakimi ya roƙa ba zai samu ba." Na rubuta wannan ne don mai karatu ya riƙe shi, zai yi amfani a gaba.

Mun shiga Rogo sha biyu saura minti ashirin. Na ci ɗan wake a wata rumfa kusa da tasha. Abu biyu na lura da su. Mutanen Rogo suna cika yaji fiye da mu, har sai da idon da aka yi mini aiki ya yi ruwa. Gaisuwarsu kuma ta fi tamu tsawo: mai ɗan waken sai da ta tambayi gida, da iyali, da zafi, da mutanen Karaye baki ɗaya, kafin ta tambayi na nawa za a zuba. Mangwaro kuwa ko'ina tuli, har awaki sun ƙoshi suna tsallake shi.

Zango na biyu, Rogo zuwa Gwangwan, a kan acaɓa. Na zagaya masu baburan na zaɓi wanda ya fi su furfura, wani Ɗanjuma, mutum mai kamar shekara hamsin. Na ce masa ba gudu, ba amsa waya a kan hanya, ba ɗaukar na uku.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ko ranar ɗaurin aurena ba a kafa mini sharaɗi uku ba. Hau mu je."

Ya tambayi abin da ke goran, na ce gyaɗa ce, ban ƙara ba, don ba na son hira a kan babur. Shi kuwa bai damu ba, shi kaɗai ya yi ta hirarsa. Taya ta yi faci sau biyu. Na farko mun sami mai gyara. Na biyu, kusa da Gwangwan, mai facin ya tafi cin kasuwa, muka zauna jiransa har bayan la'asar. Kafin ya gama hadari ya haɗo daga gabas, na farko a shekarar. Ɗanjuma ya ce akwai rafi a gabanmu wanda ba ya ƙetaruwa in an yi ruwa, gidansa kuma ga shi nan kusa, in kwana da safe ya kai ni. Na ce ban shirya kwana a hanya ba. Ya ce hadarin ma bai tambayi shirina ba. Ana cikin haka yayyafi ya fara, na bi shi.

A nan zan kwatanta gidansu da namu. Mu in baƙo ya zo har tsakar gida ake shigar da shi, matar gida ta fito ta gaishe shi ido da ido. Su kuwa baƙo namiji iyakarsa zaure. A nan aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo ruwa a kwanon sha. Zauren yana yoyo ta kusurwa biyu, iska kuma tana watso ruwa ta ƙofa. Na ji tsoron kada gyaɗar ta jiƙe ta yi fumfuna. Sai na miƙa wa Ɗanjuma goran na ce, "A shiga da wannan ciki."

Ya karɓa da hannu biyu. Ya ce, "Kai, ranka ya daɗe, har da wahala haka? An gode, Allah ya saka da alheri."

Na ji maganar da kunnena, amma hankalina yana kan yoyo. Ni da na shekara sittin da takwas a ƙasar nan, na san sarai abin da baƙo ya aika cikin gida tsaraba ce. Ranar dai ban tuna ba.

Can na fara jin daka daga ciki, da dariyar mata, da ƙamshin suya. Na ce a raina, gidan nan akwai mata masu himma. Ɗanjuma ya tafi sallar magariba. Kafin ya fita ya ce, "Kai ma ka yi taka, ba mai damunka," ya ja mini ƙofa. Wannan ya burge ni, kuma na faɗa masa. Da ya dawo aka fito da tuwon dawa da miyar zogale, ta yi kauri da gyaɗa har cokali zai tsaya. Rabon da in ci miya irin wannan tun Hannatu tana da rai. Na cinye, aka ƙaro, na cinye.

Na ce, "Wadda ta yi miyar nan ba ta yi rowar gyaɗa ba."

Ya ce, "Ai albarkacinka ne."

Na ɗauka ladabi ne irin na mutanen Rogo.

Da safe, shida saura minti goma, na wanke fuska na ce a fito mini da gorana. Ba Ɗanjuma ne ya kawo ba. Mahaifiyarsa ce, Iya, tsohuwa tukuf wadda shekaru suka ba ta izinin fitowa zaure. Hannu ɗaya kwanon kunun gyaɗa, ɗaya hannun goran. Tun daga yadda ta riƙo shi da yatsa biyu na san gyaɗar ba ta ciki. Ta zauna a bakin tabarma ta fara godiya. Ta ce bara ruwa ya ɗauke musu daidai lokacin da gyaɗa take zuba 'ya'ya, ko iri ba su mayar ba. Ta ce matar Ɗanjuma tana jego, kwana da kwanaki tana marmarin kunun gyaɗa, ba hali. Ta ce jiya da ta ga goran sai da ta yi hawaye. Sun ɓare duka, sun yi miya, sun dama kunu, sun soya saura sun aika gida uku na maƙwabta, don ba a rufe ƙofa a ci tsaraba. Ta yi wa Allah godiya ta yi mini addu'a, ni da 'ya'yana da jikokina har waɗanda ba a haifa ba. A cikin goran kuma ta sa mini daddawa ƙulli biyar, don a wajensu ba a mayar wa baƙo da mazubi ba komai.

Na dubi agogo. Shida daidai.

Ina riƙe da goran. Godiyar gidana ta shekara guda, wadda na hana ɗan sintiri uku daga cikinta, ni da bakina na ci ta har da ƙari. Na nemi abin da zan gode wa Allah dominsa. Na san akwai su: na kwana lafiya, ruwa ya sauka, ga tsohuwa tana sa mini albarka. Na san su a kaina kamar yadda na san sunayen 'ya'yana. Amma ba abin da ke cikina sai haushi. Shekara talatin da ɗaya ban yi fashi ba, ko ranar da aka shiga da ni ɗakin aikin ido. Ranar nan shida ta wuce ban ce komai ba. Abin da na iya ce wa Iya shi ne, "Ba komai." Na sha kunun don barinsa cin fuska ne. Ya yi daɗi ƙwarai, wannan kuma ya ƙara mini haushi.

Zango na uku, Gwangwan zuwa Ruwan Bago. Rafin ya janye, muka ƙetare da ƙafa muna tura babur. Da muka hau tudu na karya dokata ta rashin hira, na gaya wa Ɗanjuma ko wace irin gyaɗa ce. Ya taka birki har na buga goshi a bayansa.

"Innalillahi! Ranka ya daɗe, ibadarka muka cinye?"

"Muka cinye dai. Ni na fi kowa ci."

"Mu koma. Wataƙila gidan maƙwabcinmu Malam Sule ba su gama tasu ba."

"Soyayya ce. Ba ta tsira."

Ya cire hula ya sosa kai. "To a wajenku yaya hukuncin yake? Akwai kaffara?"

Na ce babu.

"To yau da ba gyaɗa, da me ka yi godiyar?"

"Ban yi ba."

"Ko kaɗan?"

"Bakina bai buɗu ba."

Na zaci zai yi mini wa'azi, don da ni ne da na yi. Sai ya mayar da hularsa ya ce, "Ai yana faruwa. Ni ranar da aka sace mini babur ɗina na farko, in an yi mini jaje baki yana cewa Alhamdulillahi, amma ciki shiru kamar rijiyar rani. Sai da na yi kwana tara kafin ta fito daga ciki. Iya ba ta ce mini kanzil ba. Tuwo kawai take turo mini, ta zauna a gefe tana tsifar auduga."

Ya tayar da babur muka ci gaba. Bai san abin da ya taɓo ba.

Shekara goma sha bakwai da suka wuce muka binne Hannatu ranar wata Laraba. Washegari da ƙarfe shida na tsayar da yara a layi. Na gode wa Allah don ta rasu cikin bangaskiya, na jefa. Ishaya ya faɗi wani abu ƙasa-ƙasa, ya jefa. Rahila tana da shekara goma sha huɗu. Ta ɗauki gyaɗar ta dunƙule hannu, ta yi shiru. Na ce ba mai motsawa sai ta faɗa. Muka tsaya har rana ta hau katanga. Daga ƙarshe na kama hannunta na kai bakin goran, na buɗe yatsunta ɗaya bayan ɗaya, gyaɗar ta faɗa, na ce amin a madadinta. Da yawa daga cikinku kun ji wannan labari a bakina, don na sha ba da shi shaida a majami'a, ina nuna yadda gida yake tsayawa da ƙarfi a ranar wahala. Tun daga ranar Rahila ba ta taɓa yi mini musu ba. Tana gaishe ni, tana yin abin da na ce. Ba ta kuma sake zama kusa da ni ba. Na ɗauka girma ne ya zo mata.

A bayan babur ɗin nan na auna abin. Ni gyaɗa na rasa, bakina ya kulle, ba kuma wanda ya matse mini hannu. Ita uwa ta rasa.

Mun isa ƙauyen tara da kwata. Masu bi ne kusan duka, jikokin Maguzawa kamar mu, amma sun fi mu riƙe tsohuwar hanya. Matansu suna da gayaunarsu, wato 'yar gonar kansu, suna noma kafaɗa da kafaɗa da maza. Ƙararrawar majami'arsu tsohon ƙarfen taya ne da aka rataye a bishiyar ɗorawa. Ɗanjuma ya ce zai dawo ɗaukata ranar Asabar, ya juya.

Inna Tabita ta tarbe ni. Bayan mun gaisa na yi mata ta'aziyyar ɗanta, na juye mata daddawar Iya. Ta ce, "Baban Rahila, faɗan ka zo yi ko ɗaukar?"

Na ce, "Gaisuwa na zo. Tana ina?"

Na sami Rahila a bayan rumbu a zaune, da fartanyar mijinta a gabanta, ƙotar ta tsage. Ta rame har sai da na ƙara dubawa. Ta durƙusa ta ce, "Baba, sannu da zuwa. Yaya idon?" Na ce da sauƙi. Na ce yaya haƙuri. Ta kalli ƙasa. Da ta ɗago sai idonta ya sauka a kan goran, na ga fuskarta ta ɗaure.

"Ka kawo shi."

"Na kawo shi."

"Gobe ƙarfe shida ke nan."

Na miƙa mata. Ta karɓa da ƙarfin mai jiran nauyi, hannunta ya yi sama. Ta girgiza shi. Ta kai hanci bakinsa.

"Baba, wannan ai warin daddawa ne. Ina gyaɗar?"

"Na cinye."

Na zauna a kan turmi na ba ta labarin tun daga ɗan sintiri har kunun Iya, ban rage komai ba. Da na zo kan miyar sai ta rufe baki da gefen zane.

"Har ƙari ka yi?"

"Har ƙari. Na kuma yaba wa mai miyar."

Dariya ta ƙwace mata. Ta yi ta yi har ta kife a kan gwiwa, daga nan ban san inda dariyar ta ƙare kuka ya fara ba. Inna Tabita ta leƙo, na yi mata alama da hannu ta koma. Ban ce wa Rahila ta yi shiru ba. Na jira, ban ma dubi agogo ba.

Da ta lafa na ce, "Uwani."

Ta ɗago da sauri kamar an kira ta daga wani gida.

Na ce, "Yau da ƙarfe shida ban gode wa Allah ba. Na kasa. A kan gyaɗa. Ranar da na buɗe miki hannu a bakin goran nan, na yi miki laifi, na kuma yi shekara goma sha bakwai ina fahariya da shi a gaban jama'a. Ki gafarta mini."

Ta daɗe tana juya goran a cinyarta. Sannan ta ce, "Baba, ranar nan ba Allah na ƙi ba. Ina da abin faɗa. Mama ta yi mini kitso ranar Asabar kafin ta kwanta, kitson yana kaina muna tsaye a layin. Shi nake so in gode. Amma na san in na buɗe baki kuka zan yi, kai kuma ka hana kuka a layi."

Ban taɓa sani ba. Ban taɓa tambaya ba.

Na ce, "Yanzu fa?"

"Yanzu ba ni da shi, Baba. Na duba, ban samu ba. Ba na so in yi wa Allah ƙarya."

Na ce, "To a bar shi." Na gaya mata abin da ban taɓa gaya mata ba, cewa gyaɗar farko da ta shiga goran nan uwarta ce ta jefa, washegarin haihuwarta, bayan naƙudar kwana biyu, kuma dominta aka jefa. Takardar ayoyin nan uku ba ta fito daga aljihuna ba. Tawa godiyar ta ranar sai da la'asar ta zo, ina zaune ni kaɗai a gindin ɗorawa. Na gode wa Allah don miyar gidan Ɗanjuma. Karo na farko ke nan da na yi ta a makare, kuma ban ji an ƙi karɓa ba.

Kwana uku na yi. Na sassaƙa wa fartanyar sabuwar ƙota. Na yi sharar gonar Yohanna iyakar ƙarfina. Da ƙarfe shida nakan zagaya bayan gida in yi godiyata a hankali, ba layi, ba gyaɗa. Na roƙi Inna Tabita ta gaya wa matan zumunta su riƙa zuwa suna zama da Rahila, amma kada a yi mata tambaya. Ta ce, "Mutane fa suna magana." Na ce duk mai magana a ba shi lambata, ya yi da ni. Goran kuwa na rataye shi a ƙofar ɗakin Rahila don ban sami wani wurin ba, ita ma ba ta ce a cire ba.

Ranar Asabar Ɗanjuma ya iso ƙarfe bakwai da ɗan ƙulli a hannu. Ashe ya gaya wa Iya. Ya ce ta yi salati ta fi sau goma, sannan ta ɗauki sanda ta taka har gidan ƙaninta ta samo gyaɗar iri, tafin hannu biyu, ta ce a kawo mini in yi haƙuri. Na karɓa, na ajiye ƙullin a kan dakalin da ke ƙarƙashin goran, ban ce komai a kai ba. Na yi sallama da Inna Tabita da jikokina. Rahila ta rako ni tsakar gida ta ce in gaida Yaya Ishaya da Saratu.

Na juya baya ina ɗaure jakata a babur. Bakwai da minti ashirin da biyu, na ji ƙwal.

Goran da yake cike ba a jin faɗuwar gyaɗa a cikinsa. Wannan ba komai a ciki, har Ɗanjuma ya ji. Ya ɗaga gira yana kallon bayana, ya buɗe baki zai yi magana. Na ce, "Tayar da babur." Ban waiwaya ba. Ba ƙarfe shida ba ne, ba a layi ba ne, ba ta kuma faɗi komai da murya ba. Har yau ban san abin da ta gode dominsa ba, kuma ba zan tambaya ba.

Kada wani ya ce na ce komai ya gyaru. Har ranar da nake wannan rubutu Rahila ba ta koma sujada ba. Amma kowace Asabar da yamma takan kira ni a waya, ita da kanta, ta tambayi idona, ta tambaya ko na ci wani abu mai gyaɗa. A gidana na rataye sabon gora ƙarami. Ƙarfe shida tana nan, rashin maimaita abin jiya yana nan, don har yanzu na gaskata mai bi ya kamata ya nemi abin godiya kowace rana, ranar daɗi da ranar wuya. Doka ta uku ce na sauke. Wanda ya duba bai samu ba ya riƙe gyaɗarsa, ya kawo ta da rana, ko gobe, ko ranar da ta zo. Wanda kuka ya zo masa ya yi. Shaidar nan kuma da na sha bayarwa a majami'a, na janye ta. Dattijo Bulus, ka ji inda goran yake.

Saura roƙona gare ka, mai karatu. Idan ka je gaisuwa wajen Rahila, ko wajen wani mai makoki, ka ce yaya haƙuri ya yi shiru, kada ka maimaita tambayar, kada kuma ka kai labarin shirunsa gaba. Ka nemi wuri ka zauna kusa da shi. Godiyar da kake jira ka ji daga bakinsa, ka yi ta kai a cikin zuciyarka, ka bar masa hannunsa a dunƙule har ya buɗe da kansa.